Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Daga Gindin Akwatin Rediyo Zuwa Hanyar Daura

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na gama sakandare na shiga shagon kawuna na sayar da kayan gyaran babura a cikin birnin Katsina. Yau zan faɗi yadda yaron shago ya tsinci kansa cikin ayarin mahaya babura masu zaga garuruwa. Tushen labarin yana cikin akwatin rediyo, don haka sai mun ɗan koma baya.

A unguwarmu, wajen Ƙofar Guga, akwai wani dattijo tela da kowa ke kira Baba. Rediyonsa ya fi na kowa murya a layin. Manyan batura huɗu yake ci, kuma Baba ya ɗinka masa riga ta fata saboda ƙura. Eriyar ta karye tun kafin in yi wayo, sai ya ɗaura mata siririyar waya ya ja ta har kan wata ƙusa a jikin taga. Bayan sallar isha'i mukan baje tabarma a ƙofar shagon, manya a gaba, mu yara a gefe. Ni aka ba aikin murɗa tasha, domin gajeren zango sai mai sanyin hannu. Ka motsa yatsa kaɗan murya ta ɓace, sai shuuu kawai, Baba ya ce, "Kai ɗan nan, maido mana mutanen Landan." In batura sun yi sanyi, da safe mu jera su a kan katanga su sha rana, mu samu na dare ɗaya.

Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ne namu na gida, a kan mita 49 muke kama shi, kuma lokacin Katsina ma tana cikin jihar Kaduna. Sashen Hausa na BBC ya fara tun 1957, na Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, to ka ga mun tashi mun tarar da duniya tana yi mana magana da harshenmu. A gindin akwatin nan muka ji an hamɓarar da gwamnatin Shagari ranar 31 ga Disamba 1983, muka ji mutumin Daura ne ya karɓi mulki. A nan kuma muka ji an ba mu jiharmu ranar 23 ga Satumba 1987. Ranar nan Baba ya tsayar da keken ɗinki da rana tsaka, abin da ba ya yi sai don salla.

Manya labarai suke jira da Jakar Magori. Mu samari kuwa Zaɓi Sonka ne ya tafi da hankalinmu. Wanda bai rayu a lokacin ba zai yi wuya ya gane daɗin da ke cikin jin sunanka ya fito daga bakin mai gabatarwa. Ka sayi kati, ka rubuta sunayen waɗanda kake gaisarwa da rubutu mai kyau, ka aika, sannan ka yi ta kasa kunne mako bayan mako. Da yawan sauraro sai ka haddace sunayen 'yan zaɓe, wato masu aika katin gaisuwa, na wasu garuruwa, na Daura, na Mashi, na Dutsin-Ma, na Funtuwa, har na Maraɗi da Damagaram. Yau ka gaishe shi, gobe ya rama, sai wasiƙa ta fara shiga tsakani. Mutum ya zama amininka shekara da shekaru ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Daga nan muka haɗa ƙungiyarmu ta 'yan zaɓe, kuma da wasunmu suka fara mallakar babura, sai muka ce me zai hana mu je mu ga waɗannan mutane ido da ido.

Babur ɗina na farko tsohuwar Yamaha ce da kawu ya bar mini ina biya kaɗan-kaɗan daga abin da nake samu a shago. A cikinmu akwai mai Suzuki, akwai mai Honda Benli, akwai mai Vespa, duk na hannu ne, domin tun bayan shigowar SAP, shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, a 1986 sabon babur ya fi ƙarfin talaka.

Allah ya yi mana gyaɗar dogo da mutum ɗaya, wanda ya girme mu duka, muna ce masa Yaya. Malamin gona ne, ya yi shekaru yana zaga ƙauyuka a kan babur, kuma ya koyi tuƙi tun kafin Najeriya ta koma bin hannun dama a watan Afrilun 1972. Shi ma ɗan zaɓe ne na gaske. Da muka kawo masa maganar tafiya, bai ce a'a ba, amma ya ce in da shi za a yi, to da tsarinsa za a yi.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba ake haɗuwa. Yaya zai bi babura ɗaya bayan ɗaya. Ya matsa taya da babban yatsa, ya taka birkin baya, ya damƙi na gaba, ya sa yatsa ya ɗaga sarka ya ga ko ta saki, ya ce ka kunna fitila, ka danna hon. Wanda ya cire madubi don gayu, a nan zai mayar da shi ko ya koma gida. Na ga ranar da ya mayar da wani abokinmu saboda tayarsa ta gaba ta suɗe. Muka yi ta roƙo, muka ce ai zai bi a hankali, Yaya ya ce, "Mi zan ce ma uwatai in ya faɗi?" Magana ta ƙare a nan.

A kan hanya shi ne a gaba, kuma ba a wuce shi. Bakanikenmu ne a can baya, da jakar sifana, da filogi, da kayan faci da famfo, kuma shi ma ba ya wuce kowa. Sauranmu muna tsakiya. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa don hira, ba a kuma bin sawu ɗaya. Wannan ya ɗan karkata dama, na bayansa ya karkata hagu, da tazara mai kyau, ta yadda in na gaba ya taka birki kana da wurin tsayawa kuma kana hango abin da ke gabansa. In Yaya ya ɗaga hannu sama, a sassauta totur. In ya nuna ƙasa da ƙafa, akwai rami ko yashi a gefen nan, kai ma ka nuna wa na bayanka har saƙon ya kai ga bakanike. Abin da ya fi yi wa masu zafin jini ciwo shi ne gudun ayari ba ya wuce ƙarfin babur mafi rauni a cikinmu. Idan Vespa ce ke nishi, kowa da saurin Vespa zai tafi. Na daɗe ina tunani a kan wannan doka, kuma har yau ina ganin ita ce ta riƙe mu, domin tafiyar ayari ba ta lalacewa sai na baya ya fara gudun da ya fi ƙarfinsa don kada a bar shi.

Hular kwano kuwa dole ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sabuwa ce lokacin, a 1988 aka kafa ta, kuma ba wanda ke tare mu a hanya don hula. Yaya ne hukumarmu. Ya ce a ɗaure igiyar a haɓa, domin hular da ba a ɗaure ba ita ke fara barin kai kafin kan ya taɓa ƙasa.

Wata shekara a farkon shekarun 1990 abokanmu na Daura suka gayyace mu Sallar Gani, zamanin Sarki Muhammadu Bashar. Tafiyar kilomita tamanin ce ko kusa da haka, ta Mashi. Ƙarshen damina ne, ana yankan gero, dawa kuma ta yi tsawo har bakin kwalta, ba ka ganin abin da zai fito daga gona sai ya fito. Akwai wani yaro sabon shiga da ya aro babur ɗin wansa, mai lafiya sosai, ya fi namu duka. Tun daga fitowa gari nake jin yadda yake murza totur a bayana. Mun wuce Mashi kaɗan sai ya fita daga layi, ya wuce ni, ya wuce na gabana, ya wuce Yaya.

Bai yi nisa ba jaki ya ɓullo daga cikin dawa da dammunan gero a bayansa, wani ƙaramin yaro na biye da shi da tsumagiya. Abokin namu ya kauce wa jakin ya sauka gefen kwalta inda ruwa ya tara yashi, ya damƙe birkin gaba, tayar ta zame. Na ga babur ya yi gefe guda, shi kuma ya tafi a kan kafaɗa, kansa ya daki bakin kwalta. Hannun Yaya ya riga ya tashi sama, muka tsaya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya hau wani.

Da muka isa kansa yana numfashi, idonsa biyu, yana salati. Wani ya kai hannu zai fizge hular, Yaya ya riƙe hannun ya ce a bar wuyansa yadda yake. Ya tura mutum biyu gaba da baya su riƙa tsayar da motoci. Daga baya, da aka cire hular a asibiti, na karɓe ta na duba. Gefen dama ya goge har farin soson ciki ya bayyana, ga ƙananan tsakuwa sun nutse a ciki. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, fatar hannu ta saɓule, amma kansa ko ƙwarzane babu. Wata a-kori-kura ta ɗauke shi da babur ɗin, muka juyo Katsina gaba ɗayanmu muna biye da ita. Ba mu ga hawan Gani ba a shekarar. Abokanmu na Daura sun yi ta jira da abinci, babu wayar da za a kira su, sai a katin zaɓe na gaba muka ba su haƙuri, su kuma suka aiko wa majinyacin gaisuwa ta rediyo. Yana kwance a gida ya ji sunansa, ya yi ta hawaye. Da ya warke ya dawo cikinmu, kuma a gaban bakanike ya zaɓi ya riƙa tafiya.

Shekarar da ta biyo baya mun je Daura lafiya, mun sha ruwan rijiyar Kusugu, mun ga mutanen da muka daɗe da sanin sunayensu. Wani da nake zaton dattijo ne ashe sa'ana ne.

Wannan hula da na riƙe a hannuna ita ta sa raina ya ɓaci a watan Janairun 2009, lokacin da aka fara tilasta dokar sa hular kwano a faɗin ƙasa, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su wuce jami'ai. Na san hula tana da tsada ga mai neman na cefane, na san zafin Katsina a watan Afrilu, na kuma san ƙyamar sa hular da wani ya cire. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100. Ni ban buƙaci lissafi ba, na ga tsakuwa a cikin soso.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu shi ne rakiyar amarya da kilisar ranar salla. Samari talatin ko arba'in a kan roba-roba da Bajaj, goyon biyu-biyu har uku-uku, babu na gaba babu na baya, kowa na son a ce shi ne gwani, wani ya kwanta a kan siti, wani ya ɗaga tayar gaba a tsakiyar mutane. Na je jana'izar ɗan maƙwabcinmu da ya rasu a irin wannan rakiya, ranar da ake kai 'yar uwarsa ɗakin miji. Yaran nan ba su fi mu son babur ba, mu ma jininmu ya tafasa. Mu dai mun samu babba da ya shiga cikinmu ya hau tare da mu, muna jin kunyarsa. Dokar da gwamnatin jiha ta kafa a 2021 saboda matsalar tsaro ta hana goyon mutum uku da hawan dare, amma ban ga dokar da za ta shiga cikin ayarin biki ta tsaya a gaba ta ɗaga hannu ba. Wannan sai mu da muka manyanta a kan babur, kuma a unguwarmu na fara: duk bikin da aka gayyace ni, nakan nemi a bar ni in ja gaban masu rakiya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin tafiyarmu ta Maraɗi ta hanyar Jibiya, da yadda muka kwana a bakin iyaka saboda takardun babur ɗin bakanikenmu. Na bar ku lafiya.