Tafiya Biradfod Don Ganin Silimar Majigi Uku

Daga tashar King's Cross ta Landan na kama jirgin ƙasa zuwa Lids, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci, sannan na sauya ƙaramin jirgi wanda ya sauke ni Biradfod cikin kamar minti ashirin. Watan Oktoba ne, lokacin bikin finafinan faffaɗan allo da ake yi duk shekara. Ga sanyi, ga yayyafi. Abinci kuwa ba abin damuwa ba ne, domin garin cike yake da 'yan asalin Pakistan, masallatai da gidajen abincin halal ko'ina.

Abin da ya kai ni shi ne silimar Pictureville da ke jikin gidan tarihin kimiyya da kafofin watsa labarai, ɗaya daga cikin wurare ƙalilan a duniya da har yanzu za su iya haska Cinerama, wato silimar majigi uku a kan lanƙwasasshen allo, yadda Fred Waller ya tsara ta, aka fara nunawa a birnin New York ranar 30 ga Satumba, 1952, lokacin da talabijin ta fara ƙwace wa silima 'yan kallo.

Da aka yaye labule sai ga allo ya lanƙwaso kamar baka, digiri 146. Na matsa kusa na duba. Ashe ba ƙyalle guda ba ne, siraran tsiri ne a tsaye, sama da dubu, kowanne yana fuskantar 'yan kallo. Da ƙyalle ɗaya ne, hasken gefen hagu zai faɗa gefen dama ya dusashe hoton.

Majigi uku ke aiki tare, ma'aikata na kiransu Able, Baker da Charlie. Na hagu yana jefa hoto dama, na dama yana jefawa hagu, na tsakiya ya miƙe. Kowanne da nasa zaren fim mai faɗin milimita 35, amma tsayin hoto ɗaya huji shida ne, na hujin gefen zaren da haƙoran majigi ke kamawa, maimakon huɗu da aka saba, gudun kuma hoto 26 a daƙiƙa a finafinan farko. Inda hotuna biyu suka haɗu haske kan ninku, don haka aka sa wasu ƙarafa masu haƙora kamar mataji suna karkarwa a bakin majigin, su sassauta gefen. Duk da haka ɗinkin, wato layin mahaɗar hotunan, yana nan, musamman a sararin sama, kuma launin ɓangare ɗaya kan ɗan saɓa da na maƙwabcinsa. Masu ɗauka sukan yi dabara su daidaita mahaɗar da bishiya ko ginshiƙi. Zama a tsakiya ya fi, wanda ya zauna gefe zai ga layin ƙasa ya karye gida uku.

Ni a ganina, sautin ya fi hoton ban mamaki. Yana kan zare na huɗu daban, mai maganaɗisu, layi bakwai, aikin injiniyan sauti Hazard Reeves. Lasifika biyar ne a bayan allo, saura a gefuna da bayan zaure. Jirgin sama zai taso daga hagu, ka bi ƙararsa da kunne har ya ɓace a dama.

Wahalar ita ce haɗa kan zare huɗun nan. Idan ɗaya ya tsinke aka yi asarar hoto goma, dole a liƙa baƙin fim na hoto goma cif a gurbinsa, in ba haka ba ɓangaren zai riga 'yan'uwansa har ƙarshen faifai. Shi ya sa gidajen silima na wancan zamanin suke ajiye ɗan gajeren fim na musamman da ake sakawa kafin a gama gyara.

Washegari aka nuna CinemaScope, wanda kamfanin Fox ya fito da shi a 1953 da fim ɗin The Robe. Majigi ɗaya ne kawai. Gilashin Bafaranshe Henri Chrétien yana matse faɗin hoto zuwa rabi wajen ɗauka, wani gilashin ya buɗe shi wajen haskawa. Duk wanda ya taɓa ganin fim ɗin Indiya a talabijin jarumai sun zama dogaye sirara, to matsattsen hoton ne aka bari ba a buɗe ba. Sautinsa layi huɗu ne a jikin fim ɗin kansa, sai da aka ƙanƙance hujin don samar musu wuri, abin da ya tilasta sauya haƙoran majigi. Ƙananan silimu suka ƙi kashe kuɗin, aka dawo da tsohon layin sauti, faɗin hoto ya ragu daga ninki 2.55 na tsayinsa zuwa ninki 2.35.

Todd-AO na 1955 kuwa fim ne mai milimita 70 da layin sauti shida, babu ɗinki, babu matsi. Tsofaffin kwafi irin waɗannan suna da cuta biyu: launi ya koɗe ya koma ja-ja, ko jikin fim ya fara ruɓewa yana warin tsami, ya kanannaɗe har ya ƙi bin majigi. Maganinsu ajiya a ɗaki mai sanyi marar danshi, a kuma ware wanda ya kamu daga sauran.

Da yamma na gangara tashar Interchange cikin ruwan sama, na kama jirgin Lids.