Bari burauza ta faɗa maka motsi ya ƙare

A aikin gina shafukan intanet akwai wata 'yar buƙata da ba ta ƙarewa: akwatin saƙo ya dusashe a hankali, sannan a cire shi daga shafin. To yaushe za a cire shi? Yawancin masu koyo sukan leƙa CSS, wato harshen tsara kamannin shafi, su ga motsin rabin sakan ne, sai su sa setTimeout, wato umarnin JavaScript na jinkirta aiki, a kan milisakan 500. Haka zai yi ta aiki lafiya lau har ranar da mai zane ya mayar da motsin 800 bai gaya wa kowa ba, sai akwatin ya ɓace ɓat ana tsakiyar tafiya. Lamba ɗaya aka ajiye a wuri biyu, ai dole wata rana su saɓa.

Abin da aiki ya koya mini shi ne burauza da kanta tana sanarwa. Motsin keyframes (mai matakai da aka tsara) in ya ƙare takan aiko da animationend, na transition (sauyi daga wani yanayi zuwa wani) kuma transitionend. Naka saurare ne.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Shi transitionend ba sau ɗaya yake zuwa ba. In launi da faɗi suna canzawa tare, kowanne da tasa sanarwar, sai umarninka ya gudana sau biyu, sai fa in ka duba propertyName, wato sunan abin da ya canza. Sanarwar abin da ke cikin akwatin ma, kamar maɓalli, takan hauro sama, shi ya sa nake tantance event.target, wato abin da sanarwar ta fito daga gare shi, tukuna. Wanda ya fi ba ni ciwon kai shi ne lokacin da sanarwar ba ta zuwa sam: an ɓoye akwatin da display: none kafin motsin ya kai ƙarshe, ko an kashe motsin gaba ɗaya domin mai wayar ya zaɓi rage motsi a saitinsa. Ba motsi, ba sanarwa. Baƙin labulen da ke bayan akwatin ya tsaya cak a kan shafi, bawan Allah yana ta danne-danne a banza.

Yanzu na fi son element.animate(), don yana ba da alkawarin finished, wato Promise da ke cika in motsin ya ƙare, da za ka jira da await. In aka soke motsin, alkawarin yakan faɗi da AbortError, saboda haka aikin cire akwatin a cikin finally nake sa shi, sashen da ke gudana ko motsin ya kammala ko an katse shi.