'Yar lambar da ke lungun allo

Wajen shekara guda na yi ina kallon zanen ƙwayoyin halitta a kwamfuta kafin in koyi duba wata 'yar lamba da ke maƙale a lungun hagu na allo. Ita ma ba don hazaƙata ba, sai da na sha kunya.

Aikin digirina na biyu a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne, Plasmodium falciparum. Tun 2002 masana suka karance halittarta kaf: kuromosom 14, wato ƙunsoshin da bayanan gadonta (DNA) ke ciki, haruffa wajen miliyan 23. Ni wuri ɗaya tak nake farauta, wata ƙwayar gado mai suna hrp2 da ke can kusa da bakin kuromosom na 8. Ita ke samar da sinadarin da 'yar sandar gwajin nan ta gaggawa ke kamawa, wadda ake ɗiga wa jini a asibiti ko a kemis a jira layi biyu su fito. In ƙwayar cutar ta rasa hrp2, musamman in ta haɗa da 'yar uwarta hrp3 ta kuromosom na 13, sai ka ga mutum kwance yana makyarkyata, gwaji kuma ya ce babu komai. A Peru aka fara ba da rahoton haka a 2010. Eritiriya kuwa, a 2016 sai da ta sauya irin gwajin da take amfani da shi. To ɗalibin da ya gano irin wannan ƙwaya a jinin mutanen Kaduna ai ya tsinci dami a kala.

Na'urar karanta DNA ba ta bin sa daga farko zuwa ƙarshe. Daddatsa shi ake yi gutsi-gutsi a karanta, sannan kwamfuta ta kai kowane gutsure gurbinsa. Yawan gutsattsarin da suka hau kan wuri ɗaya shi muke kira zurfi. Manhajar da muke dubawa da ita, IGV, wadda Cibiyar Broad ta Amurka ta ƙirƙiro, tana zana zurfin nan kamar jerin tuddai masu ruwan toka. Inda ƙwayar gado ta ɓace babu gutsuren da zai sauka, sai zanen ya kwanta shafal kamar faƙo.

Wata Talata da daddare ina ɗakina a Kawo, an ɗauke wuta, batirin kwamfuta ya kusa mutuwa, na buɗe samfur na 17 cikin samfuroran jinin majinyata da nake dubawa. Na nufi hrp2. Faƙo! Babu tudu ko ɗaya, sai wani tsiri guda siriri a gefe da ya miƙe har saman allo. Gabana ya faɗi. Na ɗauki hoton allon da waya na tura wa abokin karatuna, na rubuta masa cewa kakarmu ta yanke saƙa. Daren nan barci sai ɓarawo.

Gari na wayewa na hau keke zuwa ofishin malamar da ke duba aikina. Ko gaisuwar kirki ban gama ba na ajiye kwamfuta a gabanta.

"Ranki ya daɗe, ina jin mun samu."

Ta gyara zaman tabarau, ta kalli allon jim kaɗan. Faƙon nawa bai ma dame ta ba.

"Karanto mini lambar can ta sama, ta hagu."

"Sifili zuwa 3,800."

"Zurfin samfurin nan a sauran wurare fa, nawa ne?"

"Bai wuce ashirin ba."

"Ashirin cikin dubu uku da ɗari takwas. Ɗana, in ka ja da baya don hasumiyar waya ta shiga hoto tun daga gindi har ƙoli, kana ganin kajin da ke kiwo a ƙarƙashinta?"

Ta karɓi linzami, ta kashe abin da muke ce wa otosikel, ta rubuta 0 a ƙasa, 50 a sama. Nan take tuddai suka taso a kan hrp2, cif, ko giɓi babu. Ta leƙo ta koma.

Ga abin da ya faru. Otosikel na duba tudu mafi tsawo a iya abin da ke kan allo, ya mai da shi rufin zanen, sauran kowa a auna shi da wannan rufi. Bakin kuromosom ɗin wannan ƙwaya kuma cike yake da wurare masu maimaita kansu, kwamfuta kan rikice ta jibge dubban gutsattsari a gurbi ɗaya. Tsirin da na gani ke nan. Shi ya ɗaga rufin, ya danne komai. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, da na ja zanen gefe kaɗan har tsirin ya fita daga allo, da rufin ya sauko da kansa na ga gaskiya tun a ɗakina. Amma wanda ya ga abin da ransa ke so ina zai tsaya jan zane.

Daga nan na yi fushi da otosikel, na ɗaure duka samfurorina a kan 0 zuwa 50. Gudun gara, na faɗa gidan zago. Jinin majinyaci galibin DNA ɗin da ke cikinsa na mutum ne, na ƙwayar cutar ɗan kaɗan ne, kuma yawansa ya bambanta daga wannan mutum zuwa wancan. Samfurin da zurfinsa ya kai 200 sai ya zama bango guda, rufi ya aske masa kai, ba ka ganin hawa ko sauka. Mai zurfi 4 kuma ya koma faƙon da ya ruɗe ni da farko. Askin nan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Akwai wata ƙwayar gado a kuromosom na 5, pfmdr1, wadda ninkuwarta ke da alaƙa da bijire wa maganin mefulokwin. Alamar ninkuwar ita ce tudun wurin ya ninka na maƙwabtansa, kuma daidai nan ne rufi ke yankewa.

Mafitar duk mai sayen hatsi a Kasuwar Bacci ya san ta: kafin ka kwatanta farashin mutum biyu, ka tabbata mudunsu ɗaya ne. Sai na riƙa raba zurfin kowane wuri da matsakaicin zurfin samfurin kansa. Da haka 1 ya zama daidai, 0 ya zama babu, 2 ya zama ninki, ko samfurin mai zurfi ne ko marar zurfi. Sannan ne ɗaura su duka a ma'auni ɗaya, 0 zuwa 3, ya yi ma'ana.

Akwai kuma ma'aunin logarizim, wanda a cikinsa tazarar 10 zuwa 100 daidai take da ta 100 zuwa 1,000. Yana nuna hasumiya da kaji a hoto ɗaya, ba musu. Amma ni ba na son kai shi gaban mutane, don ninki biyu a kansa ɗan tudu ne da ido ke iya tsallakewa. Otosikel ma mun shirya daga baya. In ina yawo cikin kuromosom ina lalube nakan bar shi a kunne, sai in zan kwatanta samfur da samfur in kashe.

Samfur na 17 dai mun yi masa gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar gadon kai tsaye a ɗakin gwaji, don a rufe zancen, hrp2 ta fito ɓaro-ɓaro. Kwanan baya ina share tsofaffin hotuna a waya na ci karo da wanda na tura wa abokina a daren nan. Faƙon na nan, tsirin na nan, amma lambar lungun babu ita. Ashe ni da hannuna na datse gefen hoton kafin in tura, wai don ya fi kyan gani.