Tarihin Rayuwata, kashi na 17: Kayan kwalliyar Ummi

Makon jiya na yi muku alkawarin yau zan shiga labarin shekarun da na yi ina koyarwa a ƙauye, da yadda aka yi na dawo Yamai. Ku yi haƙuri, wancan labarin yana nan, ba inda za shi. Wata magana ce ta taso a gidana tun kafin sallar azumi ta hana ni sakat, in ban amayar da ita ba sauran ma ba zai fito daidai ba.

Ummi ta shiga shekara 12. Waɗanda suka biyo ni tun farko sun san irin jiran da na yi kafin Allah ya ba ni ita, sun kuma san sunan wa ta ci, shi ya sa ba a kiran sunanta na yanka a gidanmu. Ita ce ta fari. A al'adarmu ta Adar ko kallonta bai kamata in cika yi gaban mutane ba, balle in ja hannunta mu shiga kasuwa neman man leɓe. To na yi. An kuma yi da ni, don kafin a sauko daga idi magana ta riga ta kai Tawa cewa wance ta zubar da kunya, tana koya wa ɗiyar fari iyayi.

Masu faɗin haka sun manta a hannun wa na tashi. Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa barin jikarta ta fita da ido fari ba. Ran Lahadi in ta dawo daga babbar kasuwar Tawa, cikin ƙullin zanenta akwai dutsen kwalli, akwai lalle, wani lokaci da furen taba na haƙoranta. Ita ke niƙa kwallin da kanta, ta tankaɗe shi da ƙyalle, ta ɗura a tandu. Jajibirin salla kuwa mu jikoki sai mu yi layi a tabarma, a ƙunsa mana lalle a ɗaure da tsumma mu kwana da shi, da safe ta ɗiga mana katambiri a kumatu, ta zizara mana kwalli tana cewa, "Tsaya da kyau kishiya, yau sai na ga wadda za ta ƙwace mani miji." In wata surukarta ta ce yaran nan ba su isa ado ba, amsarta guda ce: "Ɗiyad da ba a sa ma kwalli ɗaka ba, bisa hanya za a sa mata shi." A lokacin na ɗauka zancen kwalli kawai take.

A 1994 aka ba Gwaggo riƙona. Ba na manta shekarar, don ita ce shekarar da aka karya darajar sefa a watan Janairu, komai na kanti ya yi tsalle, har Baba ya ce ba zai iya da kuɗin karatunmu duka ba. Aka sa ni a mota, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ina ta amai har Yamai. Cikin kayana Inna ta cusa mini ɗan tandu mai jan fata da igiya a wuya, ta ce in riƙa tunawa da ita. Shekaruna kusan na Ummi yanzu.

Ban yi sati a unguwar Bukoki ba Gwaggo ta gan ni da safe ina sa kwalli a bakin randa, don gidan madubi ɗaya ne kuma yana ɗakinta. Ta fizge tandun. Gaban matan haya, har da wata Bazabarma da ba ta jin Hausa sosai amma ta gane ai, ta ce nan ba ƙauye ba ne, karatu aka kawo ni ba neman maza ba. Tawa ce ƙauye! Garin da ya fi ƙarfin a kira shi haka tun kafin a haife ta, ita da cibiyarta ke binne a unguwar Bilbis, cikin Tawar. Abin da ya fi ci mini rai, ɗiyarta da ta girme ni da kaɗan tana da hoda da jan baki jere a taga, ba wanda ya taɓa ce mata uffan. Ni ce ɗiyar riƙo, ni ce idona zai jawo wa gida abin kunya.

To ina na koyi kwalliya? Bayan aji, a lakwal. Jagira guda, mu wajen shida, ana miƙa ta ƙarƙashin tebur, kowa ta ja a gira ta ja a ido, in za a tashi mu goge da bakin hijabi da yawu. Da aka yi yayin apolo duk mu shidan muka kwanta, ido ya kumbura ya yi jawur yana kwantsa. Gwaggo ta ce alhakinta ne. Ni kuwa ina kwance ina jin muryar Inna, bisa hanya za a sa mata shi. Ga shi an sa mini.

Tandun nan fa na sake ganinsa. Ranar bikin ɗiyar Gwaggon, shekaru da yawa bayan haka, na shiga ɗakin amarya ɗauko turaren wuta, sai ga shi rataye jikin madubinta, igiyar ma ba a canza ba. Lokacin Inna ta rasu. Ban ce komai ba, na cire shi na jefa a jakata. Na san ɗiyar Gwaggon tana karanta wannan, ita ce ma mai fara turo mini saƙo in kashi ya fito. To yau kin ji inda tandunki ya shiga, Yaya. Dama ba naki ba ne.

Mu koma kan Ummi. Ina wanke jakarta ta lakwal na ci karo da guntun jan baki, ba marfi, duk ƙasa ta manne masa. Na tambaye ta, ta ce na ƙawarta ne, su huɗu suke shafawa. Jikinta har rawa yake, tana jiran duka. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne teburinmu na lakwal da apolo. Yaran yanzu ma abin ya fi namu, don mu ƙawa ce malamarmu, su kuwa salula ce. A TikTok yarinya za ta ga sa'arta ta zauna gaban madubi tana shafa kala biyar a fuska guda, ta ɗauka haka ake wayar gari a ko'ina. Na ce mata ta jefar da wannan, in Allah ya kai mu jajibiri zan saya mata nata.

Kafin jajibirin sai ƙanwar Malam, maigidana, ta iso daga Abijan. Kun santa, wadda na ba ku labarin rabon kayan suna. Ta kawo wa yara tsaraba, ta Ummi a leda daban: hodar ruwa da ta fi fatarta haske nesa ba kusa ba, gashin ido na mannawa, da wani mai a kwalba mai hoton mace fara tas. Ta miƙa mata tana dariya, wai, "Ungo ɗiyata, ki riƙa shafawa da dare, ko kya rage baƙin dangin uwarki." A tsakar gidana, ina tsaye da ludayi a hannu.

Baƙin dangin uwarta. Baƙin Inna ke nan fa. Matar da in ta shafa man kaɗanya ta fito, shuni na ƙyalli a kitsonta, sai an waiwaya.

Na juya kwalbar, ba a rubuta abin da ke ciki ba, ba ranar lalacewa, sai alkawarin haske cikin kwana bakwai. Irin waɗannan mayukan abin da ake zubawa ciki sananne ne: haidirokinon, ko kortizon mai ƙarfi wanda likita ke ba mai ciwon fata na ɗan lokaci, ko merkuri. Kortizon yana sa fata ta yi siriri har jijiya ta fito, ga nankarwa, ga ƙuraje, in aka ji ciwo ya ƙi warkewa, in an daɗe ana shafawa har hawan jini da ciwon suga yana jawowa. Merkuri kuwa ƙoda yake ci. Ba sai an je asibiti ba, ku dubi gaɓoɓin yatsun masu shafawa a gidan biki, fuska ja, yatsu baƙi ƙirin. Ita da ta kwaso shi daga Abijan, hukumar can ta haramta irin waɗannan mayukan tun 2015. Abin da aka hana a inda take zaune shi ta ɗauko wa ɗiyar wanta mai shekara 12. Na mayar mata da ledarta cikin mutunci, na ce, "Gwaggon yara, mun gode, amma wannan ya fi ƙarfinmu." Ta ce dama an ce ni ƴar boko ce mai raina mutane.

Ran jajibiri muka hau taksi sai Babbar Kasuwa. Ba ta taɓa shiga can ciki ba, ta riƙe mini gefen mayafi gam. Na nuna mata ƙofofin, na ce wannan ginin da take gani a 1987 aka buɗe shi, bayan gobarar 1982 ta cinye tsohuwar. Ko a jikinta, idonta na kan tebura. Masu tebur na waje na wuce su, ba don raini ba. Kayan da ya yini cikin ranar Yamai, a watan da zafi ke haura digiri 40, ya narke ya daskare ya sake narkewa, ba zan sa wa yarinya a baki ba. Muka shiga wani shago mai inuwa. Mai shagon ya fara jero mana akwati mai launi ashirin, "Hajiya, wannan shi ƴan mata ke yayi." Na ce ƴar tawa ba ta kai ƴan mata ba tukuna, ya kawo man leɓe.

A nan muka daɗe. Ita tana son ja mai kama da jini, ni ina son marar launi. Muka tsaya kan wani mai ɗan sheƙi da ruwan hoda kaɗan, wanda in ta shafa sai ka matso za ka gane, kuma zai yi mata maganin fashewar leɓe in hunturu ya zo. Na koya mata ta shinshina kafin ta saya, mai warin tsohon mai a ajiye shi. Na nuna mata ɗan hoton gwangwani mai buɗaɗɗen marfi da ake bugawa a jiki, da 6M ko 12M, ma'ana watannin da zai yi bayan an buɗe shi. Ta zaɓi madubi ɗan ƙarami da kanta, mai bayan shuɗi, ban sa baki ba. Hoda ta gari marar nauyi guda, daidai launin fatarta, mun gwada a gefen muƙamuƙi a bakin ƙofa inda haske yake, ba a bayan hannu ba. Hodar ruwa na ce babu, fatar da ba ta da tabo me za a rufe mata, ga shi shekarun ƙuraje na tafe. Jan farce ma babu, don ruwan alwala ba ya ratsa shi, kuma ba zan iya da gogewa sau biyar a yini ba. Lalle ya ishe ta, ja irin na Inna. Baƙin dayis da ake zane da shi yanzu akwai sinadarin rinin gashi a ciki, na ga hannun da ya tashi ya yi bororo saboda shi, zanen fulawar ya zama tabo.

Saura kwalli, kuma nan ne na sha wuya. Tandun Inna yana cikin akwatina, har da sauran kwallin a gindinsa. Shekara da shekaru ina cewa ranar da na samu ɗiya mace ita zan ba. Amma tun 2010, da aka yi ta faɗi a rediyo yadda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara wajen masu haƙar zinariya, na fara sauraron maganar dalma da kunne biyu. Daga baya na gane dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, yawancinsa dutsen dalma ne. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki, tana taruwa a jiki a hankali, ta rage jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa. A Amurka ma ba a yarda a shiga da shi don sayarwa ba. Inna ba ta san wannan ba, kuma duk wanda ya ce ta cuce mu ni da shi ne. Abin da ta sani ta yi, ta kuma yi shi da hannunta, a ɗakinta. Na saya wa Ummi na fensir a farmasi, mai rubutun abin da ke ciki, na ɗiga mata a bayan kunne ya kwana don in ga ko zai yi mata ƙaiƙayi. Tandun na nuna mata, ta shinshina, ta ce warin tsofaffi yake. Na mayar akwati.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Salla da biki kawai, ban da lakwal, ban da islamiyya. Ba a kwana da shi, a wanke da sabulu a shafa man kaɗanya. Ba a ara, ba a ba da aro, ko ga wa, musamman abin ido. Da ta ce ƙawarta za ta ji haushi, na ba ta labarin apolo, har na ƙara gishiri.

Malam da farko ya ɗaure fuska. Ya ce, "Ke kam ba kya ganin kin yi gaggawa?" Na ce masa gaggawar ai an riga an yi ta a jakar lakwal, mu ne muka zo a makare. Na faɗa masa maganar Inna, wadda ya sha ji har ya haddace, shi ya ƙarasa mini rabinta. Da safen salla da ta fito cikin shaddarta, ni na zizara mata kwallin da hannuna, ya dube ta ya ce wace baƙuwa ce muka yi, ya ba ta jikka guda barka da salla.

Ƙanwarsa dai ba ta zo mana yawon salla ba, ta aiko yara. Na ji kuma kwalbar nan ta ba ɗiyar wata ƴar uwarsu a Harobanda, yarinyar da ko CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba ta gama ba. Na kira uwar na gaya mata abin da na sani, ta ce ta ji, ban san ko ta karɓe ba. Wannan kiran ne ya jawo zaman da aka yi a gidan Hajiya babba, inda aka ce in ba da haƙuri na ce sai an faɗa mini laifina tukuna. Shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu, labarin ƙauye ya ƙara jira.