Ɗigon da na gani a ganyen tumatir

Yau da hantsi na raka Baba lambunsa na tumatir a bakin dam ɗin Ajiwa, yana duba shuka sai ya tsinko wani ganye mai ɗigo-ɗigo busassu kamar an ɗosa masa garwashi ya miƙo min, ya ce kai ɗan boko me ka gani nan? Wallahi sai da gabana ya faɗi, don abin da muka yi a aji kenan satin da ya wuce, ban taɓa riƙe shi a hannuna ba. Na ce masa Baba, wani lokacin irin wannan ɗigon shukar ce da kanta ta yi shi. Da zarar ganye ya ji alamar ƙwayoyin cuta irin su bakteriya ko fangas, akwai wasu ƴan ƙofofi a fatar ƙwayoyin halittarsa da suke buɗewa nan take, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki, wannan kwararar ita ce yekuwar, sai hudojin da ganyen ke numfashi da su su rufe, ya fara haɗa gubar kariya, in abin ya yi tsanani ma ƙwayoyin halittar ganyen da ke zagaye da wurin su mutu don cutar ta rasa hanyar wucewa.

Baba ya yi shiru yana jujjuya ganyen, can ya ce ashe ita ma tana kokawa, Allah mai iko. Shekara fiye da talatin yana noman rani, ya san kowane tabo da ido. Har muka dawo gida ganyen na cikin aljihuna, na kasa yar da shi.