Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Littafin Bashin Kawu

A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya damƙa mini littafin bashin shagonsa na hatsi da ke Tsohuwar Kasuwa a nan Sakkwato, ya ce in zuba masa shi a kwamfuta. Na rubuta manhajar da Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, ta kuma yi aiki. Sai dai buƙatun Kawu ba sa zama wuri ɗaya: yau a jera masa masu bashi daga wanda kuɗinsa ya fi yawa, gobe daga wanda nasa ya fi daɗewa, jibi kuma bisa garuruwansu, mutanen Kware daban, na Wamakko daban. Kowace buƙata na rubuta mata fankshin nata, wato guntun umarni mai yin wani aiki takamaimai, alhali layi ɗaya tak ya bambanta su.

Malamin da ke duba aikina ya karanta su a tsanake, sannan ya ce, "Ɗana, jerawar ba ta sauyawa, ma'aunin ne yake sauyawa. Ka ware ma'aunin, ka miƙa shi."

Abin da yake nufi shi ne, a Python fankshin ƙima ce kamar lamba ko rubutu, ana iya ajiye shi a ƙarƙashin suna, ana kuma iya miƙa shi ga wani fankshin. Na rubuta ƙaramin fankshin mai suna yawan_bashi, wanda aikinsa kawai ya karɓi bayanin mutum ɗaya ya dawo da kuɗin da ake binsa, na miƙa shi ga sorted, fankshin Python mai jera abubuwa, ta hanyar key, gurbin da yake karɓar ma'auni. Sunansa kaɗai ake rubutawa, ba a sa masa baka biyu a gaba, domin da zarar an sa su an kira shi ke nan, sakamakonsa ne zai tafi. Shi sorted da kansa yake kiransa sau ɗaya a kan kowane mai bashi, ya jera su bisa amsar da ya samu.

Dabarar ta girmi Python nesa ba kusa ba. Alonzo Church ya aza harsashinta a lissafin lamda a shekarun 1930, John McCarthy kuma ya shigar da ita cikin harshen kwamfuta na Lisp a 1958. Daga nan Python ya gaji kalmar lambda, wadda ake rubuta fankshin marar suna da ita a layi ɗaya. Ni dai har yau na fi son in raɗa wa ma'auni suna, saboda wanda zai karanta aikin bayana ya gane shi ba tare da ya neme ni ba.

Da Kawu ya nemi a ware masa waɗanda bashinsu ya haura wata uku, layi biyu na ƙara, na miƙa sabon sharaɗin ga filter, fankshin Python mai ware waɗanda suka cika sharaɗi. A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan kawo yadda maƙwabtansa na layin 'yan shinkafa suka nemi irin wannan manhaja.