Girman tanki ne ya ruɗe ni wajen sayen kwampreso

Wata takwas ke nan, amma har yau idan na tuna kuɗin da na zuba a kwampreson farko, wato injin matsa iska, sai raina ya ɓaci. Na haɗa akwatin feshin yashi a shagona da ke kusa da Ƙofar Ruwa a Kano domin kankare tsatsa da tsohon fenti daga kayan babur da na Keke Napep, sannan na nufi Sabon Gari na zaɓi mai tankin lita 100, a zatona girman tanki shi ne ƙarfi. Mai kayan ya ce mini, "Alhaji, wannan ko mota za ka fesa ya ishe ka." Feshin fenti yake nufi, ni kuwa ban tambayi yawan iskar da injin yake fitarwa ba.

Ranar farko na saka murfin injin babur na danna bindigar feshin, cikin minti biyu allurar ma'auni ta sauko ƙasa da PSI 60 (PSI shi ne ma'aunin matsin iska), feshin ya koma kamar yayyafi, kwampreson kuma yana ta ruri babu hutu har kansa ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Sai daga baya na duba lambar CFM, wato adadin iskar da yake bayarwa a minti: nawa bai wuce 5 ba a PSI 90, alhali bindigar tana shan sama da 12. Tanki rumbu ne kawai, idan ya ƙare sai abin da injin ya iya samarwa. Na sayar da shi da asara, na sayi mai bel mai ƙarfin doki 5.5, wanda ya tilasta mini neman wuta mai layi uku.

Abin feshi bai ba ni wahala haka ba. Yashin Challawa yana da arha, amma ƙurar silika da ke cikinsa tana jawo ciwon huhun da ba ya warkewa, don haka na haramta shi a shagon. Aluminiyam oksaid nake sa wa ƙarfe mai tsatsa, ƙwayoyin gilashi kuma ga kayan aluminiyam, domin ba sa cinye jikinsa. A watan Agusta laimar damina ta dunƙule su a cikin tiyo, sai da na ɗaura matatar da ke cire ruwa daga iska.

Bakin bindiga ma yana faɗaɗa da amfani, yana ƙara shan iska, shi ya sa duk wanda ya zo neman shawara nake fara tambayarsa girman bakin bindigarsa kafin mu yi maganar tanki.